Sabon Direban Tirela: Leƙa Gareji Kafin Ka Tambayi Albashi

Ranar da saurayi ya karɓi lasisin tuƙin babbar mota, abu ɗaya ne a ransa: wa zai ba shi makulli. Ya shekara uku ko huɗu yana yaron mota, yana ɗaure tamfol, yana sa waigi, yana kwana ƙarƙashin bodi a Ogere ko Mararrabar Jos. To yanzu duk wanda ya fara miƙo masa makulli, gani yake babu mai ƙaunarsa kamarsa. A nan ake tafka kuskuren da ke bin direba shekara da shekaru. Motar farko da ka hau ita ke yi maka suna a wannan sana'a. In ka yi shekara biyu ba ka kayar da mota ba, ba a rubuta maka shote ba, wato giɓin kayan da ka ɗauko, ba ka kwana a ofishin 'yan sanda ba, masu motoci ne za su riƙa aiko maka. In kuwa a wata na huɗu birki ya tsinke maka a gangara saboda mai mota ya ƙi sayen fatar birki, ba mai tsayawa tambayar laifin wa ne. Cewa za a yi wane ne ya kashe mutane a wuri kaza, kuma labari a tasha ya fi mota gudu.

Don haka ɗan'uwa, ajiye maganar albashi tukuna. Fara da lafiyar motar da za a ba ka. Daga nan ka san in asara ta auku, a wuyan wa take sauka. Albashi mai kauri da ake zaftare rabinsa da sunan shote da tara bai kai ƙaramin da ke shigowa cikakke ranar da aka yi alkawari ba.

Kafin ka taka ƙofar kowa, ciro lasisinka ka duba rukuninsa. A Najeriya rukunin G ne na mota mai kai da bodi, wato tirela da tanka. Da yawa suna yawo da lasisin ƙaramar mota, ko wanda wani ya fito musu da shi ta bayan fage ba tare da an ɗauki hotonsu da zanen yatsunsu a ofis ba. Lafiya lau ake tafiya da irinsa har ranar da tsautsayi ya gitta. Ran nan kamfanin inshora lasisin direba zai fara nema, in bai dace da motar ba ya janye hannunsa, mai mota ya juyo kanka. Wurin da aka karɓe ka ba a duba rukunin lasisinka ba, ba a gwada tuƙinka ba, ba a tura ka awon ido ba, sun nuna maka halinsu tun daga bakin ƙofa.

Masu ba da mota a ƙasar nan kusan iri uku ne. Akwai manyan kamfanonin da ke dakon kayansu da motocinsu, irin su Dangote mai masana'antar siminti a Obajana da Ibese da Gboko, da BUA mai tasa a Sakkwato da Okpella, da kamfanonin fulawa da na lemo. Akwai kamfanonin sufuri da ba su da kayan kansu, kwangilar dako suke karɓa. Sai kuma alhajin da ke da mota ɗaya ko uku, wanda lodinsa ke fitowa ta hannun 'yan kamasho a Dawanau ko Potiskum ko Funtuwa.

Ga sabon hannu, babban kamfani makaranta ce. Albashi yana shiga banki, akwai gareji da bakanikai, akwai tiraka a jikin mota da ke nuna inda kake da gudun da kake yi. Ba ka ɗaukar fasinja, ba ka ɗora buhun gawayin kowa a hanyar dawowa, in ka kauce daga hanyar da aka rubuta maka wayarka za ta yi ƙara. Wasu na kiran wannan takura. Ni a ganina takurar ce ke raya sabon direba har hannunsa ya faɗa. Sai dai a lura: ba kowace mota mai ɗauke da sunan babban kamfani ce direbanta ke ma'aikacin kamfanin ba. Sau da yawa ɗan kwangila ne ke ɗibar direbobi ya tura su. Sunan da ke saman takardar ɗaukarka aiki shi ne ubangidanka a gaban doka, kuma shi za ka bi ranar da albashi ya maƙale, ko mene ne aka rubuta a gambun mota.

Mai mota ɗaya kuwa wata duniya ce daban. Cikinsu akwai mutanen kirki ƙwarai, masu riƙe direba kamar ɗan cikinsu, su yi masa aure, wani ma ya bar masa tsohuwar mota ta zama jarinsa. Kuɗi ma ya fi zagayawa a nan, don lodin dawowa da kai ake cin ribarsa. Amma a wurinsa kai ne direba, kai ne manaja, kai ne mai ciniki da ɗan kamasho, in mota ta lalace a Mokwa kai ne mai nemo bakanike ka kuma gane ko gaskiya yake faɗa. Wannan kaya ya fi ƙarfin wanda bai gama sanin yadda wutsiyar tirela ke yanke kwana ba. Ranar da motar ta shiga gareji na wata biyu kuma, kai ma ka shiga tare da ita, babu ko sisi. In dole a nan za ka fara, nemi wanda tsohon direbansa ya rabu da shi cikin mutunci, ka je ka zauna da tsohon direban.

Ko wane iri ne, tambayi yadda suke karɓar sabo. Wurin kirki sukan haɗa shi da tsohon hannu ya yi tafiya uku, biyar, har goma a gefensa. A ba shi sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya tukuna, sannan cikin gari, sannan gangara, sannan ribas zuwa bakin sito. Wanda ya ce gobe da asuba za ka ɗauki buhu 900 zuwa Legas kai kaɗai, ka binciki inda direbobinsa na da suka tafi.

To, gani ya kori ji. Roƙi a bar ka ka shiga inda motocin ke kwana. Kafin ka taɓa komai, tsaya ka ƙirga waɗanda ke kan duwatsu babu taya, an cire wa wannan lagireto, an cire wa waccan batir. In sun yi yawa, kamfanin ba ya sayen kayan gyara, yankan wata yake ya ɗinke wata, kuma taka ma ranarta na tafe. Duba ko akwai littafin da ake rubuta ranar juyen baƙin mai da canjin filta na kowace mota, ka ga ko rubutun ƙarshe na kwanan nan ne.

Sai ka je wurin motar da aka ce taka ce, ka fara daga ƙasa. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a jere da ke nuna lokacin da aka ƙera ta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana ɗaukar tayar da ta haura shekara huɗu a matsayin wadda ta tashi aiki ko da zanenta bai cinye ba, don roba bushewa take ta tsattsage. Tayoyin gaba biyu su ne ranka. Ta baya in ta fashe, 'yar'uwarta na riƙe da mota har ka samu ka tsaya. Ta gaba in ta fashe da lodi, sitiyari fizgewa yake daga hannunka. Kada ka yarda da tayar gaba mai faci a gefe, ko mai ƙulu, ko wadda aka sake yanka wa zane da wuƙa. A baya kuma dubi tagwayen: in ɗaya ta fi ɗaya tsayi, doguwar ce ke ɗauke da nauyin su biyun, ta yi zafi, ta fashe da rana tsaka. Notin wilin da ka ga tsatsa ta zubo daga bakinsa kamar hawaye, ya saki.

Birki ya fi komai cancantar ka daɗe a kansa, kuma gwajinsa ba wuya tunda da iska tirela ke tsayawa. Sa waigi, tayar da inji, ka zuba wa agogon iska ido. A motoci irin su DAF da MAN da Howo allura takan hau zuwa 8 ko sama da haka, gwargwadon motar, sannan ka ji mota ta huro iska ta saki. In ta daɗe tana rarrafe ba ta kai ba, ko kwamfuresa ta gaji ko akwai yoyo. Kashe inji, saki birkin hannu, taka na ƙafa ka riƙe minti ɗaya cur. Allura za ta ɗan faɗa da farko sannan ta tsaya. In ta ci gaba da zamewa, iska na gudu. Sa wani ya zagaya ya saurari inda take huci, musamman wurin tiyo biyun da suka haɗa kai da bodi. Daga nan yi ta takawa kana saki har iska ta ragu sosai: dole fitilar gargaɗi ta kama ko ƙararrawa ta yi kuka. In shiru, wani ya cire wayarta don ta daina damunsa. Sunkuya ka ja zoben da ke ƙarƙashin tukunyar iska. Busasshiyar iska ya kamata ta fito. In ruwa ya tsiyayo, ba a kula da motar. In baƙin mai ya biyo, kwamfuresa na tura mai cikin layin birki.

Akwai wata mummunar al'ada da ta ci rayuka. Tukunyar birkin wata taya ta fara yoyo, maimakon a sayo sabuwa sai a naɗe tiyonta a ɗaure da waya, mota ta ci gaba da tafiya da ragowar. A fili ba za ka ji bambanci ba. Sai ranar da ka doshi gangara irin ta Hawan Kibo da tan 40 a bayanka: ragowar birkin su ɗauki aikin da ya fi ƙarfinsu, ganga ta yi zafi ta buɗe, fata ta ƙone, ka taka har ƙasa mota ba ta san kana yi ba. Shi ya sa za ka leƙa bayan kowace taya ka ga tiyonta a haɗe yake. Gwada birkin inji ma, domin shi da ƙaramar giya ne ke riƙe mota a doguwar gangara, birkin ƙafa taimako kawai yake yi.

Hau bayan kai ka dubi tantebur, wato farantin ƙarfen da gaban bodi ke hawa ya kulle a kai. Ya kasance da giris, babu tsagewa, babu sarari tsakaninsa da ƙasan bodi. Haska tocila ka ga haƙoran tantebur sun rufe kan fil ɗin da ke ƙasan bodi, sannan a ja birkin bodi, ka sa giya ɗaya ka ɗan ja gaba. In ya kama, mota za ta cije. In motar kwantena ce, makullai huɗun da ke kusurwa su ne ke riƙe ta, sai ka tabbatar kowanne yana juyawa yana kullewa. Kwantenar da ta rikito kan motar fasinja a gadar Ojuelegba ta Legas cikin Janairun 2023 ta kashe mutum tara.

Takardun motar ma a nuna maka: lasisinta, shaidar lafiyarta ta jami'an duba motoci na VIO, da inshora. Tun farkon 2023 mafi ƙarancin inshorar babbar mota, wadda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, naira 100,000 ce a shekara. Wadda aka saya da 'yan dubbai a bakin titi takarda ce kawai, kuma ana iya sa lambar mota a rumbun bayanan inshora na intanet, NIID, a gane ta gaske. Tambayi ko kayan da ke bodi ma suna da tasu inshorar, don in babu, ranar da mota ta kwanta da kayan miliyoyi idon kowa kanka zai dawo. Kamfanin da ke da mota biyar zuwa sama wajibi ne ya yi rajista da FRSC a tsarinta na sa ido kan kamfanonin sufuri, RTSSS. Na'urar ƙayyade gudu ta zama dole tun 2017, kuma iyakar tirela da tanka a babban titi mai tagwaye kilomita 60 ce a awa. Wanda ya yanka maka lokacin isa da ba zai yiwu a wannan gudun ba, karya doka ya sa ka, tarar kuma a kanka.

Yanzu a zo ga kuɗi, a fara da dizal, don a nan aka fi ɓatawa. Masu mota da yawa lita suke yanka wa direba ta tafiya. Legas zuwa Kano wajen kilomita 1,000 ne ko fiye, gwargwadon ko ka bi ta Ilori da Jebba ko ta Lokoja da Abuja. Tirela mai cikakken lodi takan ci lita ɗaya a kilomita 2 zuwa 2 da rabi. Yi lissafi a kan kilomita 1,100: tsakanin lita 440 da 550 ke nan, zuwa kaɗai. Tazarar lita 110 ɗin nan ita ce tsakanin sabuwar mota da wadda nozul ɗinta ya gaji, tsakanin buhu 600 da buhu 900, tsakanin buɗaɗɗiyar hanya da yini guda a cunkoso. In aka yanka maka man sabuwar mota aka ba ka tsohuwa, kowace tafiya daga aljihunka za ka cika. Daga nan ne direba ke fara cire giya a gangara don tsimin mai, alhali babu abin da ya fi shi haɗari: inji ya koma zaman banza, kwamfuresa ba ta cika iska da sauri, birkin inji ba ya aiki. Tambayi masu bin hanyar ko man yana isa, in ya ragu na wa ne, in bai isa ba wa ke cikawa.

Kuɗin hanya ma a tsage shi gida-gida. Akwai abincinka da na yaron mota, akwai tikitin ƙungiya, akwai na masu lodi da masu saukewa, akwai harajin da ake tare hanya da katako mai ƙusoshi a karɓa. In aka dunƙule maka duka aka ce ga kuɗin tafiya, duk abin da ya ƙaru daga cikinka zai fita. Tambayi musamman kwanakin jira. Mota takan yi kwana huɗu ko mako a layin depo, ko ana jiran kira zuwa Apapa da Tin Can, ko a ƙofar sito mai kaya bai shirya saukewa ba. Tun 2021 shiga tashar jiragen ruwan Legas sai da tikitin kira na intanet da ake ce wa Eto, kuma kamfani ne ya kamata ya biya shi. Tsarin da ya fi wa sabo kwanciyar hankali shi ne tsayayyen albashi a wata, a ɗora alawus na kowace tafiya a kai, da wani abu na ranakun jira. Biyan tafiya zalla gudu da ƙin barci yake koya wa mutum.

Sai shote, kalmar da ta cinye albashin direbobi da yawa. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu 600 tan 30, buhu 900 tan 45. Abin da ka sa wa hannu a webil, takardar da ke nuna kayan da ka ɗauka, shi za a nema a wurinka, ko ka ƙirga ko ba ka ƙirga ba. Tsaya a kan lodinka da kanka ko da rana ta take. Buhun da ya fashe wurin lodi a rubuta shi nan take. A wurin saukewa kada ka motsa sai mai karɓa ya rubuta adadi ya sa hannu, ka ɗauki hoton takardar da wayarka. Tamfol mai huda a damina shote ne da za a ɗora maka, don haka ɗaga shi a rana ka duba kafin ka karɓa. A ofis kuma tambayi buhu nawa ake yafewa a tafiya, da wane farashi ake lissafa wanda ya ɓace, kuma wa ke sauraronka in ka ce ba laifinka ba ne.

Na tanka ya fi wannan sarƙaƙiya, don mai yana kumbura da zafi ya tsuke da sanyi. Fetur yakan canza da kimanin kashi ɗaya cikin dubu a kan kowane digiri. Tankar lita 45,000 da aka yi wa lodi da zafi, aka auna ta man ya yi sanyi da digiri 5, za ta nuna ragin fiye da lita 200 alhali ba wanda ya taɓa hatiminta. Kamfanin da ya san aikinsa yana da takardar awon tankinsa, yana rubuta lambar hatimin kowane ɗaki na tankin a webil, yana da adadin da yake yafewa. Inda babu waɗannan, direba ake ɗora wa abin da zafi da sanyi suka yi.

Duk wannan a rubuce. Kunya ce ke hana yaranmu neman takarda, suna ganin kamar rashin yarda ne ga wanda ya taimake su, alhali addini ma ya yi umarni a rubuta bashi. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika. Ta hana yanke albashi da sunan tara. Ko diyyar ɓarnar da ma'aikaci ya jawo da sakacinsa, sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce, kuma jimillar abin da za a cire a wata kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa kamfani zuba kuɗi a asusun NSITF, inda ake biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki ko iyalan wanda ya rasu. Da yawa ba sa bi, gaskiya ne. Duk da haka yi tambayar, ka kalli fuskar mai amsawa. Ƙara da wannan: direbanku na ƙarshe da ya yi haɗari, wa ya je belinsa, wa ya biya asibiti, albashinsa ya tsaya ko ya ci gaba?

Irin kayan da kamfani ke ɗauka shi ma abin dubawa ne. Tanka ta fi kuɗi, amma ba zan ba sabon direba shawarar farawa da ita ba. Mai ba ya zama wuri ɗaya kamar buhu. Ka taka birki ya taho gaba ya tura ka, ka sha kwana ya kwanta gefe guda ya ɗaga tayoyin ɗaya gefen, balle in ɗakunan ba su cika ba. Faɗuwarta kuma ba ta tsayawa kan direba. A Majiya ta jihar Jigawa, cikin Oktoban 2024, tanka ta faɗi, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Bayan wata uku aka sake ganin irinta a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. Allah Ya jiƙan su. Daga Maris na 2025 hukumar kula da harkar man fetur ta NMDPRA ta hana yi wa tankar lita 60,000 lodi. In ranka na kan tanka, yi shekara biyu da busasshen kaya tukuna, sannan ka nemi kamfanin da motocinsa ke tsallake binciken da ake yi a depo kafin lodi, masu murfi da bawul ɗin da ke hana mai zuba in mota ta kwanta.

Shanu daga Potiskum ko Maigatari zuwa kudu, da tumatir da albasa zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, su kuma matsalarsu lokaci. Mai kaya na gefenka, kowace awa dukiyarsa na raguwa, ba ya son ka ko runtsa. A nan sabo ke koyon haɗiyar ƙwaya don korar barci. Barcin da aka kora da ƙwaya bashi ne, kuma a kan sitiyari yake zuwa karɓa, galibi tsakanin tsakar dare da asuba. Shawarar FRSC ita ce hutun aƙalla minti 15 bayan kowace awa huɗu ta tuƙi. Ga kuma ɗora mutane a saman kaya, abin da ke mayar da faɗuwar mota ɗaya makokin gari guda. Siminti, fulawa, taki da hatsi sun fi haƙuri, su ne kayan koyo. Kayan da aka rufe ba ka ga cikinsu ba kuwa, kada ka ɗauka sai da webil mai sunan mai kaya da lambar wayarsa, domin in jami'an NDLEA ko kwastam suka buɗe suka ga abin da ba shi ke nan ba, mai riƙe da sitiyari suke fara tafiya da shi.

Tambayi hanyoyin da suke turawa da dokarsu kan tafiyar dare. Wanda ya san hanyar Birnin Gwari, ko Funtuwa zuwa Gusau, ko Damaturu zuwa Maiduguri, ya san akwai sa'o'in da ba a shiga. Kamfanin kirki yana da wuraren kwana da ya amince da su, da lambar da ake ɗagawa ƙarfe ukun dare, da bakaniken da zai iso maka. Mota in ta mutu a kan gada a Legas, kafin ka ankara 'yan unguwa sun kewaye ka, jami'an LASTMA masu kula da zirga-zirgar motoci na tafe da motar ja. A lokacin ne za ka san ko kana da ubangida.

Kusan kowane kamfani zai nemi mutum biyu su tsaya maka, kuma ba laifi, dukiyar miliyoyi za a damƙa maka. Amma a karanta wa kawunka abin da zai sa wa hannu: ya tsaya ne kan zai kawo ka in ka gudu, ko ya ɗauki biyan duk asarar da aka ce ka jawo? Na biyun ya raba zumunci, ya sa an sayar da gonaki. Kada ka sa hannu a farar takarda. Kada ka bar asalin lasisinka a ofishin kowa, kwafi ya ishe su. Wanda ya ce ka turo kuɗin fom ta asusun wani mutum kafin a kira ka ganawa, a Facebook ko WhatsApp da tambarin babban kamfani, ɗan damfara ne. Je ƙofar kamfanin da ƙafarka. Tayin a ba ka mota kana kawo balas har ta zama taka kuwa, bar wa wanda ya san farashin kowane noti ya kuma tara abokan lodi. Gyara naka, taya taka, ranar da babu lodi taka, kuma sau da yawa in ka gaza biya a karɓe motar, abin da ka zuba ya bi ruwa.

Sahihin labarin kamfani yana teburin mai shayi a Tafa da Ogere da Mararrabar Jos. Nemi direbobi uku masu jan motarsa, kowa daban. In ka ce ya aiki, alhamdu lillahi za ka ji. Tambayi ranar da albashin watan jiya ya shigo, da nawa aka cire. Tambayi yaushe aka canza masa tayar gaba, kuma sau nawa ya roƙa kafin a canza. Tambayi shekararsa nawa a wurin. In duk wanda ka tarar bai wuce wata shida ba, akwai abin da ke korarsu. Tambayi kwana nawa yake yi bai ga iyalinsa ba, don kai ma haka za ka yi.

In ka gamsu ka karɓa, ranar miƙa makulli kada ka yi gaggawar tayar da mota. Ku zagaya ta tare da wakilin kamfani, takarda a hannu. A rubuta lambar kowace taya har da safaya, da batura, da jak, da sifana, da tamfol nawa, da igiya ko bel nawa, da abin kashe gobara da ranar da zai tashi aiki, da alamar tsayawa mai kusurwa uku. A rubuta abin da agogon kilomita ya nuna da yawan dizal ɗin da ke tanki, a auna da sanda in agogon mai ba ya aiki. Duk lotsawa da tsagewar gilashi da fitilar da ba ta kamawa a rubuta, ka ɗauki hotonsu. Ku sa hannu ku biyu da kwanan wata. Kwafi ɗaya ya zauna a ofis, ɗaya ka kai gida ka ba wanda ka yarda da shi ya adana, kada ka bar shi a cikin motar.